Motsin RNA da Gishirin Magniziyam: Yadda Masana Ke Saurarensu da Igiyar Rediyo

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraronmu na nan birnin Njamena da kewayensa, da 'yan'uwanmu na tsallaken ruwa a Kusiri, da masunta da ke zaune bakin Shari da Logon suna ɗinkin koma, da 'yan kasuwa da suka rufe rumfunansu suka kishingiɗa, da iyayenmu mata da suka sauke tukunyar dare, da almajiran ilmi, na zaure da na jami'a, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa. Bahasinmu na yau ya shafi wani abu ne wanda ƙwayar ido ba ta iya ganinsa, alhali kuwa babu wani mai rai, tun daga ɗan Adam har ciyawar bakin tafki, da zai kwana ɗaya ba tare da shi ba. Masana suna kiransa RNA, ɗalibanmu da suka yi karatu da Faransanci kuwa sun san shi da ARN. Za mu duba yadda yake motsi, da yadda gishirin wasu ƙarafa yake riƙe da linzamin motsin nan, da kuma hikimar da aka bi har aka gano haka.

Kafin mu kutsa cikin mas'alar, ina roƙon kowane mai sauraro ya ɗan dubi akwatin da yake jin muryata a cikinsa, ya lura da lambobin nan da aka jera daga 88 zuwa 108 a zangon FM, waɗanda yake bi yana murɗawa har ya dace da tashar da ransa yake so. Ma'anar lambobin ita ce yawan kaɗawar da igiyar rediyo take yi a cikin sakan ɗaya, wato idan allura ta tsaya a kan 100, to igiyar tana kaɗawa sau miliyan 100 ke nan a kowane sakan. Ku riƙe wannan a zuci, domin irin wannan igiya ce masana suke aikawa cikin ɗan ɗigon ruwa su tambayi ƙwayoyin zarra labarinsu, su kuma zarrori su mayar musu da amsa da irinta.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, ya san cewa malaman Tauhidi sun kafa hujja da haraka da sukuni, suka nuna cewa jirmi, komai ƙanƙantarsa ko girmansa, ba ya rabuwa da ɗayan halayen nan biyu, ko dai yana motsi ko yana zaune. Su abin da suka nufa shi ne tabbatar da cewa duniya fararriya ce, tana da Mahalicci. Masanan ilmin rai na zamaninmu kuwa, da suka tsananta bincike a kan ƙananan halittun da ke cikin jiki, sai suka tarar cewa tambayar haraka da sukuni ita ce ke jiransu a can ma, domin sanin siffar abu yana zaune ba ya isa a gane aikinsa, sai an san yadda yake juyawa, da lokacin da yake tsayawa, da abin da yake tsayar da shi.

To, mene ne RNA? Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, a cikinsu kuma akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda ya yi kama da littafin asali da aka kulle a taskar sarki, ba a fita da shi kasuwa. Idan jiki yana bukatar ƙera wani furotin, sai a kwafo shafin da ake bukata a kan wani zare na dabam, a aika da shi maƙera. Wannan zare na biyu shi ne RNA. Haruffansa huɗu ne kacal, A da U da G da C, an jera su kamar ƙwayoyin carbi, kuma ɗabi'arsu ita ce A tana kama U, G tana kama C. Da yake RNA tilo yake tafiya, ba tagwaye ba kamar DNA, sai ya riƙa naɗewa a kan kansa, haruffan wancan gefe su kama na wannan gefe, kamar yadda igiyar guga, in an murɗa ta ƙwarai aka sassauta, take nannaɗe kanta ta yi ƙulle-ƙulle da kunnuwa.

An daɗe ana ɗaukar RNA a matsayin ɗan aike kawai, har zuwa 1982 da 1983, lokacin da Thomas Cech da Sidney Altman, kowa a nasa ɗakin bincike a Amurka, suka nuna cewa wasu zaruruwan RNA, idan suka naɗe daidai, suna iya yanka da ƙulla sinadarai da kansu, aikin da a da ake zaton furotin kaɗai ke iyawa; aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1989. Da aka kai shekarar 2000 aka warware siffar maƙerar furotin ɗin kanta, wadda ake kira ribozom, sai ga shi ainihin wurin da ake ƙulla furotin a cikinta RNA ne tsantsa. Ashe ɗan aiken shi ne kuma maƙerin.

Wani mai sauraro zai ce, ina ruwan mutumin Njamena da wannan zance? Ruwansa babba ne, domin da yawa daga cikin cututtukan da suka addabe mu, mu da dabbobinmu, ƙwayoyin bairas ne waɗanda littafin asalinsu RNA ne: ƙyanda, da shan inna, da zazzaɓin shawara, da ƙanjamau, da korona da ta shigo Chadi a watan Maris na 2020, da zazzaɓin cikungunya mai sa ciwon gaɓoɓi da ya kwantar da dubban mutane a Abeshe a shekarar 2020 ɗin. Dattawan makiyaya ba su manta da bushiya ba, annobar da ta riƙa share garke sukutum, wadda aka fara babban yaƙin rigakafinta a ƙasashen Tafkin Chadi a 1962, ɗakin binciken dabbobi na Farsha da ke nan birnin yana cikin masu haɗa allurar, har Allah ya sa aka shelanta gushewarta daga duniya a 2011. Ita ma bairas ce mai RNA. Haka nan haukan kare, wanda saboda shi aka bi unguwannin Njamena a 2012 da 2013 ana yi wa karnuka allura, da haɗin gwiwar masana na Farsha da na Bazel ta ƙasar Suwizalan, har aka kai fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan gari. Abokin gaban da aka daɗe ana fama da shi haka, ai ya kamata a san tafiyarsa.

Yanzu ga inda gishiri ya shigo. Kowace gaɓa ta zaren RNA tana ɗauke da cajin lantarki mai alamar ragi, irin alamar da kuke gani a gindin batirin tocila, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya cewa caji biyu masu alama ɗaya suna ture juna. Saboda haka zaren da ake so ya naɗe ya dunƙule, gaɓoɓinsa ba sa ga maciji da junansu, kowace tana neman ta nisanci 'yar'uwarta, kuma ba za su zauna inuwa ɗaya ba sai an sami mai shiga tsakani wanda yake ɗauke da alamar ƙari. Masu wannan sulhu su ne ƙarafan da suka narke a ruwan jiki, kamar sodiyam da fotasiyam masu ƙari ɗaya ɗaya, da kuma babbansu a wannan fage, wato magniziyam, wanda yake ƙarami a jiki amma yana ɗauke da ƙari biyu. Shi magniziyam ba ya tafiya shi kaɗai: ƙwayoyin ruwa shida ne suke kewaye da shi kullum, kamar basarake da fadawansa. Wani lokaci yakan yi hulɗa da RNA ta bakin fadawan nan, daga nesa kaɗan. Wani lokaci kuwa yakan sallami bafade ɗaya ko biyu, ya miƙa hannu ya kama zaren kai tsaye, kuma irin wannan kamu shi ne yakan ɗaure wani lungu na zaren tamau.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, tunda mun tashi mun ga kanwar Kanem da ta bakin tafki jibge a kasuwa, fatake suna lodinta zuwa Barno da Kano, kuma kanwa ba wani abu ba ce illa gishirin sodiyam. Ku dubi uwargida idan wake ya ƙi nuna: sai ta ɓalli ɗan guntun kanwa wanda bai kai kan yatsa ba, ta jiƙa shi a ludayi, ta tsiyaye ruwan a tukunya, kafin a jima waken da yake ƙememe ya yi laushi, in kuwa hannunta ya zarce, girki ya yi baƙi ya ɓaci. Hanyar da kanwa take bi a tukunya dabam take da wadda magniziyam yake bi a jikin RNA, amma darasin ɗaya ne, cewa ɗan gishiri kaɗan, in ya zo a ma'auninsa, yana sauya halin abin da ya ninka shi girma. Ba banza ba aka yi wa kanwa kirari da uwar gami. Shi kansa magniziyam muna cinsa kullum, domin koren da ke cikin zogale da yakuwa, da na dihe da matan Kanembu suke tacewa daga tafkunan kanwa su shanya a kan rairayi, a tsakiyar kowace ƙwayarsa zarrar magniziyam ce guda take zaune.

Da farko hanyar da masana suka dogara da ita wajen ganin siffar RNA ita ce su daskarar da shi ya zama ƙanƙara kamar ta gishiri, su haska shi da hasken hoton ƙashi, su lissafo siffarsa daga yadda hasken ya warwatsu. Ta haka ne a 1974 wasu rukunoni biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ingila, suka fitar da cikakkiyar siffar wani ƙaramin RNA mai haruffa 76, suka ga ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Aiki ne babba, sai dai yana da iyaka, domin wanda aka nuna wa hoton fasfo na shahararren ɗan kokawa ya san fuskarsa da faɗin kafaɗarsa, amma bai san yadda yake shiga ƙugun abokin karawa ya ɗaga shi ba. Ana bukatar hanyar da za a riske shi a cikin fage, wato a cikin ruwa, yana juyawa yadda ya saba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan karon ji ne ya kai inda gani ya gaza.

(Ɗan kiɗan shaƙatawa)

Madalla, masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, kuma mun iso ga hanyar sauraron, wadda ake taƙaita sunanta da NMR, ko RMN a Faransanci, ma'anarta kuwa amsa-kuwwar cibiyar zarra a cikin maganaɗisu. A tsakiyar kowace zarra akwai cibiya, wasu cibiyoyin kuma, irin na haidurojin da ke cikin ruwa da jikinmu, suna da ɗabi'ar ƙaramin maganaɗisu mai juyi. Ku tuna katantanwar da yara suke murzawa a ƙasa, yadda take juyi a kan tsininta, kuma idan ta ɗan karkata sai kanta ya riƙa zagaye yana tangaɗi. Haka cibiyar nan take yi idan an sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi, kuma saurin tangaɗinta yana bin ƙarfin maganaɗisun sau da ƙafa: a kowane ma'auni guda na ƙarfi, wanda ake kira tesla, cibiyar haidurojin tana zagaye kimanin sau miliyan 42 da rabi a sakan. Ke nan a maganaɗisu mai tesla 2.35 tana zagaye sau miliyan 100, daidai da lambar nan ta tsakiyar akwatinku. Idan aka buga mata igiyar rediyo mai irin wannan kaɗawa sai ta karɓa ta karkata, in an ɗauke kuma ta riƙa komawa mazauninta tana fitar da wani siririn sauti na rediyo, wanda naɗaɗɗiyar waya take kamawa.

Isidor Rabi ne ya fara nuna wannan a 1938, sa'an nan Felix Bloch na Jami'ar Stanford da Edward Purcell na Jami'ar Harvard suka bayyana shi a cikin ruwa da daskararren abu a 1946, aka ba su Nobel a 1952. Fa'idar abin ta fito fili ne da aka lura cewa cibiyoyin ba murya ɗaya gare su ba: kowace, gwargwadon maƙwabtan da suke kewaye da ita, tana da tata tashar, ko da yake bambancin bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan ba. A 1966 Richard Ernst, mutumin Suwizalan, da abokin aikinsa Weston Anderson suka kawo dabarar a ta da cibiyoyin duka gaba ɗaya, a ɗauki hayaniyarsu, sa'an nan a rarrabe muryoyin da lissafi, kamar malamin makarantar allo da yake zaune gaban almajirai arba'in, kowa yana rera karatunsa da iyakar muryarsa, amma ya ɗaga kai ya kira sunan wanda ya yi tuntuɓe a aya, can a layin baya. Ernst ya sami Nobel a 1991, Kurt Wüthrich na birnin Zurik kuma ya samu a 2002 saboda ya shimfiɗa hanyar fitar da siffar manyan sinadaran rai suna cikin ruwa.

Na'urorin da ake wannan aiki da su a yau sun wuce zangon FM da nisa. Wadda aka saba gani a jami'o'i mai miliyan 600, ƙarfin maganaɗisunta tesla 14 ne da ɗoriya, wato ya ninka maganaɗisun ƙasa mai juya allurar alƙibla kamar sau 400,000, kuma a 2020 an kafa mai miliyan 1,200 a birnin Fulorans na Italiya. Wayar maganaɗisun tana nutse ne a cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, inda lantarki yake zagaye ba ya gajiya. Na'urar hoton MRI ta manyan asibitoci ma 'yar wannan gida ce, cibiyoyin haidurojin na ruwan jikin majiyyaci take saurare. Har ma a nan maƙwabtanmu, a kwarin Komadugu Yobe ta wajen Diffa a Nijar, masu binciken ruwa sun shimfiɗa zagayen waya a doron ƙasa suka saurari ruwan da ke ɓoye a ƙarƙashin rairayi, da maganaɗisun ƙasa kawai, inda cibiyoyin suke zagaye kimanin sau 1,500 a sakan.

Bari mu leƙa ɗakin binciken mu ga aikin da idonmu. Mai shiga sai ya ajiye makullansa da agogonsa da wayarsa a bakin ƙofa, domin maganaɗisun, wanda yake tsaye a tsakar ɗaki kamar rumbun ƙarfe, ba ya barci dare da rana. A hannun ɗaliba akwai siririn bututun gilashi mai faɗin milimita 5, a gindinsa ruwa kamar rabin mililita, garau kamar na randa, ga wanda bai sani ba sai ya ce babu komai a ciki; alhali ta yi makonni tana haɗa RNA ɗin da ke ciki, ta gina shi da nau'in kabon mai nauyi 13 da naiturojin mai nauyi 15, domin su ne suke amsa rediyo da kyau. Ta hau ɗan tsani, ta ɗora bututun a bakin rumbun, iska ta saukar da shi a hankali zuwa ciki. Bayan ɗan lokaci sai wata taswira ta bayyana a fuskar kwamfuta, ɗigo-ɗigo kamar taurari, kowane ɗigo muryar zarra guda ce a wani sanannen harafi na zaren. Sai ta fito da bututun, ta ɗiga masa ruwan gishirin magniziyam ɗan mitsitsi, ta mayar, ta sake ɗaukar taswira, ta ƙara ɗigo, ta sake ɗauka, har sau bakwai ko goma. Da ta ɗora taswirorin a kan juna sai ta ga yawancin taurarin suna nan inda suke, amma wasu 'yan kaɗan sun yi tafiya, taki bayan taki, kamar sawun tururuwa. Daga sunayen waɗanda suka gusa take gane unguwar da baƙon ya taɓa, daga yawan gishirin da ya gusar da su kuma take lissafa ƙarfin kamun.

Sai dai mai ilmi ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, domin ɗigo yana iya gusawa saboda magniziyam ya zauna kusa da shi, yana kuma iya gusawa saboda ya zauna can nesa ya ja zaren, siffa ta sauya. Don haka ake kiran shaidu biyu. Na farko shi ne manganis, wanda yake sauka a irin masaukin magniziyam, amma shi yana da nasa maganaɗisu mai ƙarfi da ya ninka na cibiyar haidurojin ninkin ba ninkin, har ya zama kamar maroƙi mai kalangu a tsakiyar taro: duk wanda yake kusa da shi ba a jin muryarsa. Ana saka shi ƙanƙani, sai ɗigon da suke maƙwabtaka da masaukinsa su dusashe su ɓace, kuma tasirinsa yana raguwa da sauri, ta yadda in nisa ya ninka biyu sai ya ragu sau 64. Shaida na biyu shi ne kobal mai fadawa shida na amoniya, wanda ya yi kama da magniziyam da fadawansa na ruwa, amma shi ba ya sallamar ko ɗaya, kuma fadawan nasa suna da muryar da ake ji. Ɗakin binciken Ignacio Tinoco a Kalifoniya ya yi amfani da shi a 1997 wajen nuna ainihin kwarin da ƙarfe yake kwanciya a jikin wani RNA. Idan shaidu suka haɗu a kan wuri ɗaya, sa'an nan magana ta tabbata.

(Ɗan kiɗan shaƙatawa)

Saura zancen motsi, wanda shi ne ƙashin bayan bahasin. Ku ƙaddara wani ɗan kasuwa da yake da rumfa a Njamena da wata a Kusiri. In yana wata guda a nan wata guda a can, masu ƙidaya za su rubuta shi a wurare biyu. In kuwa yana tsallake gadar Ngeli sau goma a yini, sai mutane su ce ai a kan gada yake zaune. In kuma tsaka-tsaki ne, sai labarinsa ya ruɗe, kowa da inda zai ce ya gan shi. Haka ɗigon taswira yake yi idan harafin RNA yana kai da komo tsakanin siffa biyu: motsi mai nawa yana ba da ɗigo biyu, mai sauri yana ba da ɗigo ɗaya a tsakani, matsakaici kuwa yana sa ɗigon ya baje ya yi hazo. Daga wannan hazo, da wasu dabarun buga rediyo a jere, masana suke auna siffar da zaren ba ya shigarta sai kashi 1 cikin 100 na lokacinsa, ba ya kuma daɗewa a cikinta fiye da kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Misalin da ya fi shahara yana cikin ƙwayar cutar ƙanjamau. A farkon zarenta akwai wani ɗan yanki mai suna TAR, wanda ya naɗe ya yi sanduna biyu da wata 'yar gwiwa mai haruffa uku a tsakaninsu, kuma sai wani furotin na ƙwayar, mai suna Tat, ya kama gwiwar nan kafin ƙwayar ta iya hayayyafa da ƙarfi. A 1992 Joseph Puglisi da James Williamson da abokan aikinsu suka nuna da NMR cewa yankin yana sauya siffa idan an kama shi. A 2007 kuma rukunin Hashim Al-Hashimi a Jami'ar Mishigan suka auna shi yana sake, babu mai riƙe da shi, suka tarar gwiwar tana lanƙwasawa tana miƙewa ta faɗin digiri 94, sandunan suna murɗawa tare da ita bisa tsari, kuma siffofi bakwai da aka taɓa ganinsa a cikinsu yana ɗaure da sinadarai dabam-dabam, duk suna kan hanyar da yake bi da kansa. Ma'ana, mai kamu ba ya ƙaga wa zaren sabuwar siffa, jira yake har ya gifta ta siffar da ta dace da hannunsa, ya cafke. Idan kuma aka zuba magniziyam sai sandunan biyu su hau kan juna su miƙe, rawar gwiwa ta lafa. Ga haraka, ga sukuni, ga kuma wanda yake raba musu lokaci.

Amfanin wannan ilmi yana bayyana a wajen neman magani, domin maƙerin makulli da ya san cewa ƙofar kwaɗon tana sauya siffa zai ƙera abin da zai dace da ɗaya daga cikin siffofin. A 1996 an nuna da NMR yadda maganin faromomaisin, ɗan'uwan allurar jentamaisin da kuka sani, yake shiga wani lungu na RNA a maƙerar furotin ta bakteriya ya ɓata mata karatu. A 2020, da korona ta game duniya, masana daga ƙasashe da yawa, bisa jagorancin Harald Schwalbe na Jami'ar Furankfot a Jamus, suka raba naɗe-naɗen RNA na ƙwayar a tsakaninsu suka bi su ɗaya bayan ɗaya da wannan na'ura.

Ga kuma faɗakarwar da ta shafi kowane gida. Kafson nan ja da rawaya, wato tetarasaikilin, wanda ake sha barkatai, makiyaya kuma suke ba dabbobi danginsa, yana kama RNA na maƙerar bakteriya ne ta hannun zarrar magniziyam, domin ɗabi'arsa ce rungumar ƙarfe. To, wannan ɗabi'ar ba ta zaɓe: wanda ya kora kafson da nono ko madara, ko ya haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe, ko da maganin ƙwannafi mai magniziyam, sai maganin ya rungumi ƙarfen tun a ciki, kaso mai yawa ya wuce bai shiga jini ba. Shi ya sa likitoci suke cewa a bar tazarar kamar awa 2 ko fiye a tsakaninsu, shi ya sa kuma ake hana shi ga mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba, tunda yana liƙe wa allin haƙori da ƙashi ya rina haƙoran. Sa'an nan ku sani cewa bairas ba ta da maƙera tata ta kanta, tamu take ara, saboda haka kafson nan ba ya maganin mura ko ƙyanda; maganin ƙyanda rigakafi ne, a kai yara a yi musu.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗaliban kimiyya na Jami'ar Njamena, wadda aka kafa a 1971, ku sani a shekarar 1971 ɗin ce aka buɗe taskar siffofin manyan sinadaran rai da ake kira PDB, kuma yau ƙofarta a buɗe take kyauta a intanet, har da siffofin RNA da aka fitar da NMR. Na'urar tana da tsada ƙwarai, amma wanda yake da kwamfuta da ƙwazon lissafi da haƙuri yana iya saukar da siffar TAR a daren nan, ya juya ta, ya nemi gwiwar nan mai haruffa uku ya gan ta da idonsa.

A nan za mu dakata, jama'a. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure kuma Allah ya yafe mana, ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya tsare mana dabbobinmu. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)